Wa Zai Fara Magana? Sauyin Tsarin Ba da Shaida a eBay da Airbnb da Tasirinsa ga Halayyar Masu Ciniki

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ke faruwa ga masu saye da masu sayarwa idan kasuwar intanet ta sauya ƙa'idar ba da shaida bayan ciniki. An ɗauki misalai biyu: matakin da eBay ya ɗauka a watan Mayu na 2008 na hana masu sayarwa yi wa masu saye mummunar shaida, da gwajin da Airbnb ya yi a 2014 na ɓoye shaidar kowane ɓangare har sai ɗayan ya rubuta tasa. Takardar ta dogara ne a kan nazarce-nazarcen da aka riga aka buga, ta jera sakamakonsu, ta nuna inda suka saɓa wa juna. Hujjarta ita ce, irin wannan sauyi yana aiki ne ta hanyar rage ko ƙara asarar da mutum zai yi idan ya faɗi gaskiya, kuma duk manazarcin da ya ƙirga waɗanda suka yi magana kaɗai, ya bar waɗanda suka yi shiru da waɗanda suka fice daga kasuwar, awonsa zai fito a karkace.

Gabatarwa

Ciniki tsakanin mutanen da ba su san juna ba tsohuwar matsala ce. George Akerlof ya nuna a 1970 cewa idan mai kaya ya fi mai saye sanin aibin kayan, mai saye zai riƙa taya kowane kaya da arha don gudun zamba, masu kaya na gari su janye, kasuwa ta koma hannun masu algus. Fatakenmu sun daɗe da samo nasu maganin. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan gari shanu bashi, maigida ya tsaya lamuni, shi da dillalansa suna riƙe da labarin wanda ke biya da wanda ke cin amana. Abin lura shi ne, idan maigida ya yi wa mahauci shaidar ƙarya, daga aljihunsa za a biya.

Kasuwar intanet ta juya wannan lissafi. Pierre Omidyar ya buɗe dandalin da ya zama eBay a watan Satumba na 1995, a Fabrairun 1996 kuma ya ƙara masa wurin da masu ciniki za su riƙa yi wa juna shaida: kyakkyawa, ko mummuna, ko tsaka-tsaki, tare da ɗan gajeren bayani. Mai ba da shaida a nan ba ya cin ribar gaskiyar da ya faɗa, wani baƙo ne da zai zo bayansa zai amfana. Idan kuma akwai asara a faɗin gaskiyar, shi kaɗai zai ɗauka. A kan wannan giɓi duk bayanin da zai biyo baya ya rataya.

Tsohon tsarin eBay

Paul Resnick da Richard Zeckhauser (2002) sun duba cinikayyar 1999, suka tarar masu saye suna ba da shaida a kimanin rabin cinikin da aka yi, kuma mummunar shaida ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ana iya karanta wannan a ce kasuwa ce ta mutanen kirki. Chrysanthos Dellarocas da Charles Wood (2008) sun karanta shi ta wata fuska: sun ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu saye suna fita daga ciniki da ɗan ƙorafi a ransu, amma galibinsu ba sa rubuta komai.

Don a gane dalili, a ɗauka wani ya sayi kyamara ta hannu a gwanjo. Ta iso bayan mako biyu, ya buɗe kwali, ya ga gilashin da ɗan karce wanda hoton talla bai nuna ba. Ya shiga shafinsa zai rubuta. A gefen sunansa akwai lambar shaidunsa, duk kyawawa, waɗanda ya tara a hankali, kuma shi ma yakan sayar da 'yan kaya jefi-jefi. Ya duba, mai kyamarar bai yi masa shaida ba tukuna, ko da yake an biya shi tun ranar farko. Jira yake. Da zarar mummunar shaida ta bayyana a shafinsa, zai mayar da irinta, sannan ya aiko saƙo cewa a janye duka biyun, domin eBay a lokacin yana da tsarin janye shaida bisa yarjejeniyar ɓangarorin biyu. Mai saye ya auna: karce ɗaya a gilashi, ko tabo a sunansa. Mafi yawa sai su rufe shafin, wasu ma su rubuta yabo don a rama musu da yabo, ba ni gishiri in ba ka manda.

Gary Bolton da Ben Greiner da Axel Ockenfels, waɗanda suka yi aiki tare da kamfanin kuma suka buga sakamakonsu a 2013, sun ga wannan hali ƙarara a bayanan lokacin da ake ba da shaida: masu sayarwa da yawa suna jinkirtawa har sai mai saye ya fara, kuma mummunar shaidarsu takan zo ne jim kaɗan bayan tasa. Sun duba mafita biyu. Ta farko ita ce a ɓoye shaidar kowa har sai duka biyun sun rubuta. Sun yi fargabar wannan zai rage yawan shaida gaba ɗaya, tunda mutane da dama suna rubutawa ne don rama alheri. Ta biyu ita ce a bar tsohon tsari, a ƙara masa wani awo na ɓangare ɗaya wanda mai sayarwa ba zai san wanda ya bayar ba. Ita eBay ya ɗauka a 2007: taurari ɗaya zuwa biyar a kan abubuwa huɗu, wato dacewar bayanin kaya, da sadarwa, da saurin aikawa, da kuɗin aikawa. Ba a nuna matsakaicin sai an tara aƙalla goma, don kada a gane mai bayarwa.

Mayu 2008

A ƙarshen Janairun 2008 kamfanin ya sanar da mataki mafi tsauri. Bill Cobb, shugaban sashen Arewacin Amurka, ya ce masu sayarwa suna ramuwar gayya ninki takwas fiye da masu saye. Daga watan Mayu, mai sayarwa ba shi da zaɓi sai ya yi kyakkyawar shaida ko ya yi shiru. An kuma soke janyewa bisa yarjejeniya. Masu sayarwa da dama suka fusata, suka kira ƙauracewa ta mako guda a watan Fabrairu. Ƙorafinsu yana da tushe, kuma bai kamata manazarci ya wuce shi da sauri ba: akwai mai saye da zai ci gwanjo ya ƙi biya, akwai wanda zai yi barazanar ɓata suna don a rage masa kuɗi, yanzu kuma an ƙwace musu sandar da suke tsorata shi da ita.

Ƙungiyoyin manazarta biyu sun auna wannan sauyi ɗaya, kuma saɓaninsu shi ne abin da ya fi jan hankalina a duk wannan fage.

Tobias Klein da Christian Lambertz da Konrad Stahl (2016) sun fara da wata dabara mai kyau. Ba za a iya auna tasirin sauyin da tsohuwar shaida ba, domin ita ce aka taɓa. Idan mummunar shaida ta ƙaru bayan Mayu, ba a san ko kaya ne suka lalace ko baki ne ya buɗe ba. Sai suka yi amfani da taurarin nan na 2007, waɗanda tun asali ba a iya ramuwa a kansu, kuma ƙa'idar bayar da su ba ta sauya ba. Suka bi masu sayarwa iri ɗaya kafin sauyin da bayansa. Sun tarar gamsuwar masu saye ta ƙaru, waɗanda suka fi kowa rauni a da su suka fi gyarawa, kuma yawan masu barin kasuwa bai sauya yadda za a lura ba. Ma'ana, mutanen nan sun iya aiki mai kyau tun farko, tsoron da suke ba mai saye ne ya sa ba su ga dalilin wahalar da kansu ba.

Xiang Hui da Maryam Saeedi da Neel Sundaresan (2018) sun yi aiki da bayanan cikin gida na kamfanin. Su ma sun ga inganci ya ƙaru, amma sun danganta kashi 49 zuwa 77 cikin 100 na wannan ci gaba ga ficewar masu rauni ko raguwar kasonsu na kasuwa, sauran kuma ga gyaran hali.

Wasu gyara suka gani, wasu kora. A ganina duka biyun za su iya zama daidai, kuma bambancin yana cikin abin da kowa ya ƙirga. Idan aka bi jerin sunayen masu sayarwa ana tambaya ko har yanzu suna nan, mutumin da a da yake sayar da kaya ɗari a wata, yanzu ya koma goma, yana nan, bai fita ba. Idan kuma aka ƙirga ciniki, an ga cewa kaso tara cikin goma na kasuwarsa ya koma hannun wasu. Ga mai saye, na biyun ne ya fi shafar rayuwarsa, domin yiwuwar ya faɗa hannun wannan mutum ta ragu ƙwarai. Ga mai tsara manufa kuwa, na farkon yana da daraja, domin yana nuna cewa ba dole sai an kori mutane ba kafin kasuwa ta gyaru. Manazarcin da bai faɗi tun farko ko mutane yake ƙirgawa ko ciniki ba, ya bar mai karatu cikin duhu.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi duka nazarin biyu. Shekarar 2008 ba shekarar sauyi ɗaya ba ce a eBay. A Fabrairu an rage kuɗin sa kaya a talla, an ƙara kason da kamfani ke ɗauka idan an sayar. A Maris an mayar da sabon tsarin jera sakamakon bincike ya zama shi ne na farko da mai saye ke gani, kuma taurarin mai sayarwa suna cikin abin da yake dubawa. An fara ba manyan masu sayarwa rangwame idan taurarinsu sun kai 4.6 ko 4.8. A ƙarshen Maris John Donahoe ya gaji Meg Whitman a shugabanci, kafin shekara ta ƙare kuma tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali. Mai sayarwar da ya fara aika kaya da wuri a watan Yuni, tsoron mummunar shaida ne ya motsa shi, ko kwaɗayin rangwame, ko gudun kada a tura shi shafi na biyar? Manazartan sun san da wannan, sun kuma yi ƙoƙarin tsame tasirin kowanne ta hanyar duba watan da motsin ya fara. Duk da haka, kwatanta kafin da bayan, a kasuwar da kowa ya shiga sabon tsari rana ɗaya, ba ya ba da tabbacin da gwaji ke bayarwa.

Airbnb da hanyar da eBay ya bari

Airbnb ya gwada mafitar da aka ajiye a 2007, kuma ya yi ta bisa ƙa'idar gwaji. A 2014 aka raba masu masauki ta hanyar ƙuri'a, wasu a kan tsohon tsari inda shaida ke bayyana nan take, wasu a kan sabo inda ba a buɗe ta sai ɓangarorin biyu sun rubuta ko kwana 14 sun cika. Andrey Fradkin da Elena Grewal da David Holtz (2021) ne suka buga sakamakon.

Abin da aka yi fargaba bai faru ba. Yawan shaida ƙaruwa ya yi, musamman daga masu masauki, kuma aka riƙa rubutawa da wuri. Dalilin da marubutan suka kawo mai sauƙi ne: idan aka sanar da mutum cewa an rubuta wani abu a kansa kuma ba zai gani ba sai ya rubuta nasa, son sani zai tura shi. Ramuwar gayya da ramuwar yabo duk sun ragu, shaidar ɓangarorin biyu ta rage kama da juna, matsakaicin taurari ya ɗan sauka. Amma saukar kaɗan ce, kuma ba su ga alamar cewa masu masauki marasa kyau sun rasa baƙi a dalilin sauyin ba.

Wannan sakamako na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, ko da yake shi ne mafi ƙarancin armashi. An cire tsoron ramuwa, amma yabo bai daina rinjaye ba. Georgios Zervas da abokan aikinsa sun ƙirga a 2015 cewa kusan kashi 95 cikin 100 na masaukan Airbnb suna da taurari 4.5 ko 5. Wanda ya kwana a gidan mutum, ya gaisa da shi, wataƙila ya sha shayinsa, yana jin nauyin ya rubuta cewa banɗaki ba shi da tsabta, ko da ya san ba za a iya rama masa ba. Mu da muka tashi cikin kara da kawaici ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Ƙa'idar dandali tana iya kawar da tsoro, amma kunya tana wani wuri da ƙa'ida ba ta kaiwa cikin sauƙi.

Awon shiru

Chris Nosko da Steven Tadelis (2015) sun koma eBay shekaru bayan an hana ramuwa, suka tarar matsakaicin kyakkyawar shaida na masu sayarwa yana kashi 99.3 cikin 100, kuma fiye da rabinsu suna da 100 cif. Lambar da kowa ya ci kusan cikakken maki ba ta raba kowa da kowa. Sai suka sauya abin da ake rabawa da shi: maimakon a raba kyawawan shaidu da jimlar shaidun da aka bayar, a raba su da jimlar cinikin da aka yi, har da waɗanda aka yi shiru a kansu. Matsakaicin ya faɗo zuwa kashi 64, masu sayarwa suka warwatsu daga sama zuwa ƙasa. Da suka gwada ɗaga waɗanda ke da babban maki a wannan sabon awo a sakamakon bincike, masu sayen da suka ga wannan jeri sun fi dawowa su sake saye.

Sun kuma nuna abin da ya sa wannan ya dami kamfani. Sabon mai saye da ya ji jiki ba mai sayarwa ɗaya yake guje wa ba, kasuwar baki ɗaya yake bari. Asarar tana faɗawa kan masu gaskiya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Nosko da Tadelis sun zaɓi kada a nuna wa jama'a sabon awon, domin da zarar masu sayarwa sun san shiru yana rage musu maki, za su fara damun masu saye da roƙon shaida, awon ya lalace kamar na farko. Ina ganin hikimar wannan, amma yana da nauyi a wuyana: ana hukunta mutum da ma'aunin da bai sani ba, abincinsa ya ragu bai san laifinsa ba. Wannan tambaya ce ta adalci da lissafi ba zai warware ba, kuma ya dace a riƙa ɗaga ta.

Iyakar gwaji

Ko gwajin ƙuri'a ma yana da nasa rami a kasuwa. Thomas Blake da Dominic Coey (2014) sun duba wani tallan imel da eBay ya aika wa wasu masu saye ya bar wasu. Waɗanda aka aika wa sun fi saye, amma a gwanjo kaya ɗaya ne, idan wannan ya ci, wancan ya rasa, kuma sau da yawa wanda ya rasa yana cikin rukunin da aka bari don kwatance. Ratar da ke tsakanin rukunan biyu ta kumbura, har ƙiyasin ya kai kimanin ninki biyu na tasirin gaskiya. Haka abin yake ga shaida: idan masaukin da ke sabon tsari ya rasa baƙo, baƙon yakan koma maƙwabcinsa da ke tsohon tsari. Shi ya sa ake ba da shawarar a raba ƙuri'a a kan rukunin kaya ko gari maimakon mutum ɗaɗɗaya. Sannan gajeren gwaji ba ya ganin yadda masu sayarwa za su koyi zama da sabuwar ƙa'ida bayan shekara, lokacin da suka gano inda take da sassauci.

Abin da ya rage mana

Kaso mai yawa na cinikin intanet a Kano da Kaduna da Maraɗi ba a dandali mai tsarin shaida yake gudana ba. A WhatsApp da Instagram da Facebook ake yinsa, inda mai atamfa ko turaren wuta ko kayan ɗaki ita ce ke zaɓar saƙon godiyar da za ta ɗauki hotonsa ta nuna, tana kuma iya goge ƙorafin da aka rubuta a ƙarƙashin tallarta. Mai saye kuwa sau da yawa 'yar unguwa ce ko ƙawar 'yar'uwa, wadda za su haɗu a biki mako mai zuwa. Duk wanda zai gina dandali a nan, ko ya yi nazarin waɗanda ake da su irin su Jumia da Jiji, bai kamata ya ɗauka taurari za su faɗa masa gaskiya don kawai ya ɓoye sunan mai bayarwa ba.

Abin da zan ba ɗalibanmu shawara a kai shi ne su nemi masu sayarwar da za su yarda a duba littafin cinikinsu, ba tare da ɗaukar sunan kowa ba, su ƙirga abubuwa uku a kan kowane ciniki: ko mai saye ya aiko saƙo bayan karɓar kaya, ko ya nemi a canza ko a mayar, da ko ya sake saye cikin wata shida. Idan mai sayarwa ta sauya wata ƙa'ida, misali ta daina karɓar kuɗi bayan an kai kaya ta koma sai an biya tukuna, a kwatanta waɗannan ukun kafin da bayan, a kuma nemo wata mai irin kayan da ba ta sauya ba a daidai watannin, don kada a ɗora wa sabuwar ƙa'ida abin da sallah ko tashin farashi suka jawo.